HAƘORI DA HAƘURI: ABIN DA ZA KA YI BAYAN AN CIRE MAKA HAƘORI

Ina gai da ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, na birni da na karkara, tare da malamansu. Ina gai da ƴan ajina na Talaje, cikin gunduma ta 4 ta birnin Yamai. Na san yanzu haka sun kewaye rediyo, kowa da allo da alli a hannu.

Kafin mu shiga zance, ku rubuta kalma biyu. Ta farko: haƙori. Ta biyu: haƙuri. Ku lura da ƙ mai lanƙwasa, kada ku manta da ƙugiyarta. Yanzu ku duba da kyau. Harafi ɗaya ne ya raba kalmomin nan. Ɗaya tana da o, ɗaya tana da u. Hirarmu ta yau a kan su biyun take, domin wanda aka cire wa haƙori, haƙurin kwana uku zuwa bakwai shi ne rabin maganinsa.

ABIN DA YA SAME NI

Zan fara da kaina, don kada wani ya ce malam yana faɗin abin da bai taɓa ɗanɗana ba.

Bara wani turmina na ƙasa ya yi kogo. Na yi wata biyu ina fama. In sa kanumfari, in sa gishiri, in kwana ina juyi. Daga ƙarshe na je wurin likitan haƙori ran wata Alhamis da safe. Ya yi mini allura, wurin ya mutu. Bai yi minti ashirin ba ya ciro haƙorin. Ya sa mini auduga, ya ce in cije. Ya yi mini bayani, ya kuma ba ni takarda.

Ni da nake koya wa mutane karatu, ban karanta takardar nan ba. Na ninke ta na sa aljihu. Da na fito na shiga faba-faba zuwa Talaje, ana rana ƙwarai. Na tofar da audugar tun a hanya. Na sayi ruwan leda, na huda da haƙori, na tsotse. Da azahar na yi alwala, na kurkure baki da ƙarfi sau uku. Da la'asar abokai suka miƙo mini shayi mai zafi, na karɓa.

Ran Juma'a ban ji kome ba, har ina yi wa mutane fahariya. Ran Asabar da dare ciwo ya taso. Ya kama muƙamuƙi, ya hau kunne, ya kai har gefen ido. Bakina ya yi wari. Ƙwayar da nake sha ba ta taɓa shi ba. Na yi kwana biyu ban runtsa ba, aji kuma ya zauna babu malami. Ran Litinin na koma. Likita ya duba, ya ce gudan jinin da ya kamata ya rufe ramin ya fita, ƙashi yana waje. Ya wanke wurin, ya cusa magani. Kafin in kai gida ciwo ya sauka. Amma sai da na yi ta komawa har sau uku.

Da na buɗe takardar nan daga baya, duk abin da na yi, an rubuta kada a yi shi. Laifin nawa ne.

GUDAN JINI SHI NE MURFI

Babban mutum yana da haƙora 32 in sun cika. Yaro yana da haƙoran nono 20. Kowane haƙori yana da saiwa, saiwar tana zaune cikin ƙashin muƙamuƙi kamar yadda shuka take zaune cikin ƙasa. In aka cire haƙori, sai a bar rami cikin ƙashi.

Jini yana cika ramin nan. Cikin ɗan lokaci sai ya daskare, ya zama guda. Gudan jinin nan shi ne murfin ramin. Shi ne ke rufe ƙashi da jijiya, iska da abinci ba su taɓa su. A ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Cikin mako biyu zuwa uku dasashi ya rufe bakin ramin. Ƙashi kuwa yana ɗaukar wata uku ko fiye kafin ya cika gurbin.

Ku tuna da magini. In ya zuba siminti yau, ba ya barin kowa ya taka sai ya kama. Haka gudan jinin nan yake. Aikinka duka a kwanakin farko shi ne ka tsare shi kada ya fita.

In ya fita, ciwo mai tsanani yana zuwa, galibi a kwana na biyu zuwa na huɗu. Ba kowa abin yake samu ba. Cikin mutum ɗari da aka cire wa haƙori, kamar biyu zuwa biyar ne. Amma ya fi yawa ga masu shan taba, da wanda aka cire wa turmin ƙarshe na ƙasa, wato wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25.

KAFIN A CIRE

Ka ci abinci kafin ka tafi, sai fa in likita ya hana ka. Bayan an cire za ka yi awoyi ba ka iya tauna ba.

Ka gaya wa likita gaskiyar lafiyarka. Ka faɗa masa in kana da hawan jini, ko ciwon suga, ko sikila wadda muke kira emasi, ko ciwon zuciya, ko ciwon hanta. Ka faɗa masa in jininka yana daɗewa bai tsaya ba in ka yanke. Ka faɗa masa in wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburi. Mace mai ciki ta faɗi watan cikinta. Duk maganin da kake sha kullum, ka tafi da kwalinsa ka nuna.

Kada ka ba da bakinka ga mai cire haƙori a kasuwa ko a bakin tasha. Ƙarfen da ya shiga bakin wani, in ba a dafa shi cikin na'ura ba, yana iya ɗauko ciwon hanta ko sida ya kawo maka. Kuma in saiwa ta karye a ciki, ba shi da abin da zai ciro ta da shi. Araha ba ta ado. A Yamai akwai sashen haƙori da baki a Babban Asibitin Ƙasa, akwai a asibitin Lamorde da ke ƙetaren Gadar Kennedy, akwai kuma a babban asibitin Referans da aka buɗe a shekarar 2016. In ba ka san inda za ka nufa ba, ka fara da gidan likitan unguwarku, su za su nuna maka hanya.

Masu tsoron zafi, ku kwantar da hankalinku. Kakanninmu da na Turawa duk sun sha cire haƙori ido biyu. A shekarar 1844 wani likitan haƙori a Amurka, mai suna Horace Wells, ya shaƙi wata iska mai sa maye, aka cire masa nasa haƙorin bai ji zafi ba. A shekarar 1943 wani masani a ƙasar Suwidin, Nils Löfgren, ya haɗa maganin da ake kira lidokayin. Har yau shi ne aka fi yin allurar kashe wuri da shi. Za ka ji ana turawa, za ka ji ana girgizawa, amma ba za ka ji yanka ba. In ka ji zafi, ka ɗaga hannu, a ƙara maka allura.

Wasu suna cewa cire haƙorin sama yana makantar da mutum. Ba haka ba ne. Jijiyar gani dabam, jijiyar haƙori dabam. Abin da ke iya taɓa ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin da aka bari ya yi mugunya har kumburi ya hau fuska.

RANAR FARKO

Ga dokoki bakwai na ranar farko. Malamai, ku rubuta su a babban allo.

1. Ka cije audugar da aka sa maka minti 30. Ka cije sosai. Kada ka yi magana, kada ka riƙa cirewa kana dubawa.

2. Kada ka kurkure baki har awa 24.

3. Kada ka yi ta tofar da miyau. Ka haɗiye shi, ko ka goge da ƙyalle mai tsabta. Miyau mai ɗan ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Ɗigon jini kaɗan yana rina miyau mai yawa.

4. Kada ka tsotsi kome. Ruwan leda da nonon leda, ka yanka ledar ka juye cikin kofi. Tsotso yana jawo gudan jini waje kamar yadda ake zare toshiyar kwalba.

5. Kada ka sha taba, ko shisha. Kada ka sa tabar gari a baki, kada ka ci goro. Ka yi aƙalla kwana uku. In ka kai mako, ya fi.

6. Kada ka sha abu mai zafi. Shayi da kunu da koko, ka bari su huce.

7. Kada ka taɓa ramin da harshe, ko yatsa, ko tsinken sakace.

Allurar da aka yi maka tana sakin mutum bayan awa biyu zuwa huɗu. Kafin ta sake ka, leɓe da harshe ba su jin kome. Kada ka tauna abinci a lokacin, don kada ka ciji kanka ba ka sani ba. Iyaye, ku sa ido a kan yara a nan, suna son tauna leɓensu don su ji yadda ya mutu.

Ranar ka huta. Mai tura kura, da mai buga bulo, da mai dakan hatsi, da mai ɗaukar ruwa, ku ajiye aiki yini ɗaya. Aikin ƙarfi yana tayar da jini. In za ka kwanta, ka ɗaga kanka da matashi biyu.

In turmin sama aka cire, kada ka fyace hanci da ƙarfi kwana kaɗan. Saiwar turmin sama tana kusa da wani kogo da ke haɗe da hanci.

ZANCEN ALWALA

Wani dattijo a ajina ya tambaye ni, ya ce: «Malam, to alwala fa? Sau biyar muke kurkure baki a yini.» Tambayar tana da kyau, don nan ne ni ma na yi kuskure.

A littattafan da muka karanta a zaure, irin su Ahalari da Ishmawi, kurkure baki yana cikin sunnonin alwala, ba ya cikin farillai. Ranar farko kana iya barinsa saboda lalura, alwalarka ta yi. Daga rana ta biyu ka ɗibi ruwa kaɗan, ka karkata kai a hankali, ka buɗe baki ruwan ya zuba da kansa. In sujada tana sa jini ya ɓalle, ka tambayi limaminku hukuncin sallar marar lafiya. Mai azumi kuma ya shirya da likita lokacin cirewa da lokacin shan magani.

IN JINI YA ƘI TSAYAWA

Kada ka firgita. Ka wanke hannu da sabulu. Ka zauna, kada ka kwanta. Ka sami auduga mai tsabta, ko ƙyalle wankakke da aka goge da dutsen guga. Ka ninke shi, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗora a kan ramin daidai, ka cije minti 30 kana duban agogo. In ba auduga, ƙunshin ganyen shayi irin na Lipton yana yi. Ka jiƙa shi da ruwan sanyi, ka matse, ka cije. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai taimaka wa jini ya daskare.

In ka yi haka sau biyu, jini yana nan yana cika baki, ka tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada ka cusa toka, ko gawayi, ko garin taba, ko ƙasa.

MAGANIN ZAFI

A nan karatu yake da rana. Kowane kwalin magani yana da suna, yana da lamba. Ku koyi karanta su biyun.

Na farko shi ne parasitamol. Ku duba lambar da ke jikin kwalin. In an rubuta 500, babban mutum yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu, sa'an nan ya jira awa 6. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. In an rubuta 1000, ƙwaya ɗaya ce tak, kada ya wuce 4. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, da mai shan giya, nasu bai kai haka ba, sai likita ya auna musu. Yaro kuma da nauyinsa ake auna masa. Parasitamol in ya yi yawa yana kashe hanta, kuma ba a jin alamar sai bayan kwana biyu ko uku, lokacin da ɓarna ta riga ta auku.

Ku lura da wannan. Doliprane da Efferalgan duk parasitamol ne, suna ne kawai ya bambanta. Wanda ya sha wannan ya ƙara da wancan, ya ninka magani ɗaya ne. Magungunan mura da yawa ma suna da parasitamol a ciki. Ku karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna.

Na biyu shi ne ibuprofen. Yana rage zafi, yana rage kumburi. Babban mutum yana shan mai lamba 400, ƙwaya ɗaya, bayan ya ci abinci, sau uku a yini. Amma ba na kowa ba ne. Mace mai ciki kada ta sha. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini, kada su sha. Mai asma da mai hawan jini su tambaya tukuna. Kuma in fuska ta riga ta kumbura da mugunya, kada ka sha shi da kanka, yana iya ɓoye ciwon har ya yi nisa.

Ka sha ƙwayar farko tun allura ba ta sake ka ba. Tare zafi tun yana hanya ya fi sauƙin korarsa bayan ya zauna.

Kada ka sha aspirin don zafin cire haƙori, yana hana jini daskarewa. Amma wanda likitan zuciya ya ɗora a kan aspirin kullum, kada ya daina da kansa. Ya gaya wa likitan haƙori tun kafin a cire. Kuma kada a ɗora ƙwayar aspirin a kan dasashi, tana ƙona nama.

Kafso irin su amoksisilin ba maganin zafi ba ne. Maganin ƙwayoyin cuta ne. Ba kowane cire haƙori ke bukatarsa ba. In likita ya rubuta maka, ka sha yadda ya rubuta, kwanakin da ya rubuta. In bai rubuta ba, kada ka saya.

Saura taramol. Kun san shi, kun ga abin da ya yi wa samarinmu. Magani ne mai ƙarfi, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, in ya yi yawa yana sa farfaɗiya, yana iya tsai da numfashi. Ba a shansa sai da takardar likita. Wanda ake yawo da shi a faranti cikin rana, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa a ƙasashe irin namu, cikin magani goma ɗaya jabu ne ko kuma ƙarfinsa bai cika ba. Ku sayi magani a farmasi.

KUMBURI

Kunci yana ɗan kumbura bayan cire haƙori, musamman in an sha wuya kafin ya fito. Kumburin yana kai iyakarsa a kwana na biyu ko na uku, sa'an nan ya fara saɓewa. Ranar farko ka sayi ƙanƙara, ka naɗe ta cikin ƙyalle, ka ɗora a kunci ta waje minti 15, ka ɗauke minti 15, ka sake. Kada ka sa ƙanƙara a fata kai tsaye. Kada ka gasa wurin da ruwan zafi ranar farko.

ABINCI

Yunwa ba ta warkar da miki. Ka ci, amma ka zaɓa. Ka tauna ta ɗaya gefen.

Abin da ya dace: kunu da koko da suka huce, fura da nono da aka dama ta yi laushi, tuwo mai taushi da miyar kuka ko ta kuɓewa, dafaffen ƙwai, ayaba, dankali da kabewa da aka dafa suka nuna sosai. Ka sha ruwa da yawa, da kofi.

Abin da za ka bari har mako guda: kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, rake, ɓawon burodi, da yaji mai yawa. Dambu da garin rogo ma ka ɗan dakata, ƙananan tsaba suna faɗawa cikin ramin.

Uwar gida, in maigida ko yaro aka cire wa haƙori, ki ware masa nasa kafin ki zuba tonka.

DAGA RANA TA BIYU

Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri. Ka tafasa ruwa, ka bari ya huce ya zama ɗumi. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya. Ka guntsa, ka riƙe a gefen ramin, ka karkata kai a hankali, ka bari ya zuba. Ka yi haka bayan kowane cin abinci da kuma kafin barci, har mako guda.

Ka ci gaba da wanke sauran haƙora da buroshi ko asuwaki. Baki mai dauɗa ba ya warkewa da wuri. Sai dai ka kauce wa ramin kwana biyu ko uku, bayan haka ka riƙa bi ta wurin a hankali.

In ka duba madubi ka ga wani abu fari-fari a kan ramin, ba ciwo, ba wari, sabon nama ne. Kada ka ƙwaƙule shi. In an yi maka ɗinki, ka tambaya ko zaren mai narkewa ne. In ba mai narkewa ba ne, ana cire shi bayan kamar kwana bakwai. Ka rubuta ranar a littafinka.

ALAMUN KOMAWA LIKITA

Ciwon cire haƙori kullum raguwa yake yi. Na yau bai kai na jiya ba. In ka ga yana ƙaruwa, akwai dalili. Ka koma in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwo ya taso a kwana na biyu zuwa na huɗu, yana hawa kunne, baki yana wari.

Masassara ta kama ka, ko mugunya tana fita.

Kumburi yana ƙaruwa bayan kwana uku.

Leɓe ko harshe ko haɓa bai farfaɗo ba har washegari.

Ruwan da ka sha yana fitowa ta hanci.

Jiki ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje bayan shan magani.

Akwai kuma alamu uku da ba a jiran gari ya waye. Kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya rufe ido. Baki ya ƙi buɗuwa. Haɗiyar miyau ko numfashi ya yi wuya. Wannan mugunya ce ta bi cikin nama, tana iya toshe maƙogwaro ta kashe mutum. A ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take. A Yamai ana kiran motar agajin gaggawa ta SAMU a lamba 15.

Na ga irin wannan da idona. Wani maƙwabcinmu, magidanci mai ƴaƴa biyar, an cire masa haƙori a kasuwa. Haɓarsa ta kumbura. Ya yi kwana huɗu yana shan taramol yana fita aiki, don ba ya jin zafi. Matarsa ƴar ajinmu ce. Daren na biyar ta ga miyau yana zuba, ya kasa haɗiyewa. Ta ɗauko littafinta, ta karanta alamun nan uku da muka rubuta a aji, ta tashi ƙanensa, suka kai shi asibiti. An tsaga wurin an fitar da mugunya. Ya yi kwana goma sha biyu a kwance. Yau yana nan da ransa yana neman abincin iyalinsa. Layi uku ta karanta.

TSARE SAURAN

Haƙorin babba in ya fita, ba ya sake tsirowa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan biliyan uku da rabi ne ke da ciwon baki ko na haƙori, wato kusan rabin mutanen duniya. Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna cin sukarin da ya maƙale a haƙori, suna fitar da tsami, tsamin yana huda haƙori. Saboda haka a rage sukari a shayi, a rage alewa da lemon kwalba ga yara. A wanke baki safe da dare da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Ƙaramin kogo ana cike shi, ba sai an cire haƙorin ba, in an je da wuri. Ni da na je tun watan farko, da turmina yana nan.

AIKIN AJI

Ku rubuta waɗannan kalmomi, ku karanta su da ƙarfi: haƙori, haƙuri, dasashi, muƙamuƙi, auduga, gishiri, ƙanƙara.

Lissafi na farko: mutum ya sha parasitamol da ƙarfe 6 na safe. Zai jira awa 6. Da ƙarfe nawa zai sha na biyu? Na uku fa?

Lissafi na biyu: yana shan ƙwaya 2 sau 4 a yini. Ƙwaya nawa ke nan? In zai sha kwana 3, ƙwaya nawa zai saya?

Tambayoyin tattaunawa: Me ya sa ba a kurkure baki ranar farko? Waɗanne alamu uku ne ba a jiran safiya? A garinku, wa mutane ke zuwa wurinsa in haƙori ya dame su, kuma me ya sa?

Mako mai zuwa kowa ya zo aji da kwalin magani ɗaya daga gidansa. Za mu karanta sunansa, da lambarsa, da ranar da zai lalace. Malamai, ku aiko mana da amsoshin ajinku, za mu karanta su a wannan fili.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.